Amanar da ke Ƙarƙashin Murfi

Mai karatu, ka ɗauka kana zaune gaban teburin mai gyaran agogo a kasuwar Bichi. Ga dattijo ya kawo tsohon Seiko 5, tsarabar Makka, samfurin da Japan ta fara ƙerawa a 1963. Ba ya cin batir. Motsin hannu ke juya wani ƙarfe a cikinsa, ƙarfen ya ɗaure sifirin. In aka ajiye shi kwana biyu, sai ya tsaya.

Gyaran gaskiya shi ne a kwance injin, a wanke ƙurar hunturu, a ɗiga sabon mai. Amma ana iya zare injin, a dasa na batir mai araha, a mayar da murfi. Agogo zai ba da lokaci daidai, dattijo ya tafi yana sa albarka.

To, an cuce shi? Ni dai na ce ƙwarai kuwa. Murnarsa ba ta halatta musayar ba, domin da ya sani da bai yarda ba. Haka furodusan da ya kwafo labarin Indiya ya ce nasa ne, ko da fim ɗin ya yi kasuwa.

Kai kuma fa, me aka damƙa maka wanda mai shi ba zai iya buɗewa ya duba ba?