ƁERAN DA AKA SA WA FARFAƊIYA: INA HAƘƘINSA?



A ɗakunan bincike na Turai da Amurka da Sin, ana ba ɓera wani sinadari, pilocarpine, har farfaɗiya ta kama shi. Ana kuma huda ƙoƙon kansa a dasa 'yan wayoyi sirara, wasu an yi su da graphene, domin su naɗi motsin lantarkin ƙwaƙwalwa lokacin da ciwon ya tashi. Tun 1875 Richard Caton ya auna irin wannan lantarki a kan zomaye da birai a Ingila.

To, da wane haƙƙi muke sa wa lafiyayyar halitta ciwo?

Wani zai ce, "Malam, ai ɓera yana cikin fasiƙai biyar da aka halatta kashewa." Haka ne, amma kisa daban, azabtarwa daban. Mun san matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ci ba sha.

Sai dai mu dubi ɗaya ɓangaren. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke fama da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai. Wasu a wuta suke faɗawa, wasu a rijiya.

Abin da na fahimta, wallahu a'alam: ya halatta bisa larura, ita kuwa larura gwargwadonta ake ɗauka. In akwai wata hanya, a bar dabbar. In babu, a sa mata maganin barci kafin a yanka ta, a taƙaita adadi, kada a bar ta tana shure-shure don kawai wani ya samu ƙarin girma a jami'a.

Mu fa? Yaro ya faɗi, mu watse wai miyaunsa na yaɗa cutar, alhali ba ta yaɗuwa. A cire shi daga makaranta, a ce iska ce, ba a kai shi asibiti ba. Wata mai farfaɗiya ta zo wurin Manzon Allah (SAW), bai guje ta ba, ya yi mata albishir da Aljanna in ta yi haƙuri, ya yi mata addu'a.

In ɓera ya sha wuya aka samo ilimi, mu kuma muka hana ɗanmu magani, wallahi haƙƙi biyu ke kanmu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu dace.