Uban da ya koma murya a cikin waya



Ya 'yan'uwa, duk wanda ya tashi a wannan yanki namu na jihar Tawa ya san yadda gari ke komawa da zarar an ɗaure gero an kai rumbu. Daga Bangi har Madawa, Buza da Kaita, motoci na cika da samari da magidanta, wasu su nufi Abijan, wasu Kano ko Legas, wasu su bi ta Agadas zuwa Libiya. Ba mai zarginsu. Damina gajeriya ce, abin da gona ta bayar bai cika kai gida shekara ba, kuma ciyar da iyali da tufatar da su wajibi ne a wuyan uba. Wanda ya fita biɗar halal don ya rufa wa gidansa asiri, ibada yake yi.

Abin da nake so mu duba shi ne niyya, domin niyya takan sauya a hanya mai ita bai sani ba. Shekarar farko mutum ya tafi neman kuɗin hatsi. Allah ya buɗa masa, ya kafa tebur, teburin ya zama shago. Sai ya ce bari in gina gidan siminti tukuna, daga nan sai mota, sai shago na biyu. Cin rani ya zama cin shekaru, in ka tambaye shi kuwa amsar nan ɗaya ce: don yara nake yi. Nafsu ta iya wannan magana ƙwarai. Ba ta zuwa wa muridi da kayan saɓo a fili, takan sa wa buri rigar wajibi. Ma'aikacin da ke Yamai yana bin muƙami bayan muƙami, iyali na ƙauye, shi ma yana cikin lissafin.

Mu da muka riƙi ɗariƙa bai kamata wannan ya shige mana duhu ba. Mun san tarbiyya ba ta samuwa sai da zama. Muridi yakan lizimci shehinsa ko muƙaddaminsa, ya ga yadda yake alwala, yadda yake haɗiye fushi, yadda yake karɓar baƙo, har halin ya shige shi ba tare da an faɗa masa ba. To yaya muka yarda da wannan a zawiya, muka mance da shi a gida? Uba shi ne shehin farko na ɗansa. Kuɗin da aka turo ta waya suna sayen buhun gero da magani, Allah ya saka da alheri, amma ba sa tashin yaro sallar asuba. Saƙon murya kuma ba ya ganin da wa yaron ke yawo bayan isha'i.

Nauyin da uba ya ajiye, wani ne ke ɗauka. Lokacin da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita a 1984, da taimakon Italiya, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da haƙa ramuka da dasa itatuwa, domin maza da yawa sun tafi biɗa. Har yau uwa ce ke ɗebo ruwa, ta kai mara lafiya asibiti, ta tsawata wa saurayin da ya fara fin ƙarfinta.

Magabata sun sa wa rashin uba iyaka. Malik ɗan Huwairis da abokansa samari sun zauna wajen Manzon Allah (SAW) kwana ashirin suna neman ilimi. Da ya lura sun yi kewar gida, sai ya umarce su su koma cikin iyalansu su koyar da su. Wane zama ne ya fi wannan daraja? Amma an mayar da su. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace ke iya haƙurin rashin mijinta, daga nan ya ƙayyade wa mayaƙa 'yan watanni su dawo gida.

Ban ce kowa ya rufe shago ya dawo ba. Akwai wanda bashi ya ɗaure, akwai wanda in ya dawo yau gobe ba a ɗora tukunya, akwai wanda rashin tsaron bakin iyaka ya raba da gonarsa. Waɗannan addu'a suke bukata daga gare mu, da leƙa gidajensu. Maganata da wanda ya samu abin da ya fita nema ne tun tuni. Shi ya zauna bayan wuridin safe ya tambayi kansa: nawa ne zai ishe ni, kuma wane wata zan koma? In yana da adadi da rana, tafiyarsa ta iyali ce. In kuwa duk lokacin da ya kusa adadin sai ya ƙara matsar da shi gaba, to ya kira matarsa ya tambaye ta izu nawa babban ɗansu ya kai, da sunan malamin da ke biya masa.