Tsintsiya a Hannun Wa Take?

Duk wanda ya tashi a Michika ya san ƙarar da ke buɗe yini a kowane gida. Tun rana ba ta leƙo daga bayan duwatsun Mandara ba, za ka ji tsintsiya tana aiki a tsakar gida. Ba wanda ke yabon mai shara, sai ranar da ba a yi ba ake tunawa da ita.

Mahaifiyata takan ƙulle kuɗin niƙa a bakin zane. Wata rana da almuru, ina ɗan shekara takwas, ƙullin ya kwance, kwabo goma ya faɗi a ɗaki, wanda a lokacin muke kira sulai. Ta kunna fitilar ƙwai, ta naɗe tabarma, ta jawo randa, ta bi ɗakin lungu-lungu da tsintsiya tana kasa kunne ko za ta ji ƙarar ƙarfe. Mahaifina yana daga waje yana cewa kananzirin da take ƙonawa ya kusa kai kuɗin da take nema. Ba ta tanka masa ba. Can a gindin randa ta same shi, ya sha ƙura.

Da na girma na karanta Luka 15:8-10, sai na ga ashe Ubangiji Yesu ya riga ya ba da labarin nan. Mace ce mai kuɗin azurfa goma, ɗaya ya ɓace, ta kunna fitila, ta share gida har ta same shi, ta kira maƙwabta su taya ta murna. Kuɗin nan, dirakma a harshen Helenanci, ya yi kusan ladan yini guda na ɗan ƙodago. Yesu ya ba da misalin ne domin Farisiyawa da malaman Attaura suna gunaguni cewa yana cin abinci da masu zunubi. Ga mutanen da ke taƙama da ilimin tauhidi, ya kwatanta Allah da mace mai shara. Mu maza da muke ganin taɓa tsintsiya ƙasƙanci ne, ya kamata wannan ya ɗan sosa mana rai.

To, ga tambayar da ta dame ni. Sau da yawa idan muka ɗauko darasi daga aikin gida, mukan ce wa jama'a: share zuciyarka kamar yadda kake share ɗakinka, wanke halinka kamar yadda ake wanke kwano. Maganar tana da daɗin ji, akwai gaskiya a cikinta kuma. Amma a lura da abin da muka yi: mun zare tsintsiya daga hannun matar nan mun riƙe da kanmu. A cikin misalin, mu ne kuɗin da ke kwance cikin ƙura. Tunkiyar da ta ɓace a farkon surar tana iya kuka makiyayi ya ji. Ɗan da ya tafi ƙasa mai nisa ya iya tashi ya kama hanyar gida. Kuɗi kuwa ba baki, ba ƙafa, bai ma san ya ɓace ba. Abin da Manzo Bulus ya koyar ke nan a Afisawa 2:8-9, cewa ceto kyauta ce ta alheri, domin kada wani ya sami abin fahariya.

Wani zai ce, ina tuba ta shiga ke nan, alhali aya ta goma a kan mai zunubin da ya tuba take magana? Tambayar tana kan hanya, a nan ne ma misalin gida ya kai iyakarsa, gama mutum yana da nufi, yana iya ƙin hannun da aka miƙo masa. Duk da haka, fitila ce ke fara haskawa kafin a ga ƙura. Tuba amsa ce ga neman da aka riga aka fara. Wanda kuwa ya share kansa da ƙarfinsa ya bar gidan ba mai zama, Luka 11:24-26 ya nuna ƙarshensa ya fi farkonsa muni.

Wannan magana ta wuce gardamar ɗaliban tauhidi, domin mun taɓa ta da hannu. A watan Satumba na 2014 'yan Boko Haram suka shiga Michika. Ranar 29 ga Oktoba suka ci Mubi, hedkwatar EYN da ke Kwarhi ma ta faɗa hannunsu, shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci. Jama'a suka watse, wasu kan duwatsu, wasu Yola, wasu Kamaru. Da aka fara komowa a 2015, abin da na fi gani a hannun iyayenmu mata shi ne tsintsiya. Suna share tokar ɗakunansu suna tsintar abin da wuta ta rage: murfin tukunya, makulli, guntun takarda.

A kwanakin nan kowa na cewa, “Allah ya cece mu.” Gaskiya ne, ya wajaba a gode. Amma kalmar ceto a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu, tsira daga hatsari da kuma fansa daga zunubi, mu kuwa mukan cakuɗa su. Na ji wani ɗan'uwa yana shaida a majami'a cewa ya tsira ne saboda yawan azuminsa da amincinsa wajen zakka. A benci na biyu akwai gwauruwa wadda mijinta dattijon ikkilisiya ne, bai tsira ba. Me shaidar nan ta faɗa mata? Cewa mijinta ya gaza wajen azumi? Nan ne kuskuren riƙe tsintsiya da kanmu yake zama zalunci. Idan ni na samo kaina, to wanda ya faɗi laifinsa ne. Idan kuwa samo ni aka yi, bakina ya mutu a gaban matar nan, sai dai in zauna kusa da ita. Mijinta bai ɓace wa Mai nema ba don harsashi ya same shi. Romawa 8:38-39 ya sa mutuwa a farkon jerin abubuwan da ba su iya raba mu da ƙaunar Allah.

Akwai kuma abin da muke yawan tsallakewa: kuɗin nan a cikin gida ya ɓace. Mukan tara baiko domin bishara a ƙauyuka masu nisa, hakan daidai ne. Amma a gidajenmu akwai samarin da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba a 2014, yanzu sun zama magidanta, suna cin tuwo tare da mu, wasu har suna cikin ƙungiyar mawaƙa, zuciyarsu kuwa tana can gindin randa. Ba za su yi kuka a ji ba. Neman irinsu yana cin kananzir, yana bukatar a durƙusa a jawo kayan da aka daɗe ba a motsa ba, kuma a nan ne kaɗai ake ba mu aron tsintsiyar. A ganina Zumuntar Mata ta fi majalisar dattawa sanin wannan aiki.

Sulan mahaifiyata bai kwana biyu a bakin zane ba. Washegari da sassafe ta goge shi, ta sa mini a tafin hannu tare da kwanon dawa, ta aike ni wurin mai injin niƙa.