Ɗoɗɗoya Ba Ta Son Gaggawa

Ɗana, idan ka yi niyyar samun ɗoɗɗoya a tsakar gidanka, babbar nan mai faɗin ganye da ke shekara da shekaru tana toho, wadda ake sa wa a farfesu, ba sai ka je neman iri ba, reshe ɗaya daga gidan maƙwabci ya ishe ka. Amma ka yi sallama ka roƙa, kada ka miƙa hannu ta kan katanga, domin wanda ya yi ta ba ta ruwa tun rani yana da haƙƙi a kan kowane ganye, kuma da wuya ya hana ka.

Reshe ya fi iri amana, don abin da ya fito daga reshe uwar ce sak, ƙamshinta da ganyenta, shi kuwa iri yakan zo da sauyi. Akwai ma wata 'yar uwarta da ake kira African Blue, wadda ta fito a jihar Ohio ta Amurka a 1983 daga haɗuwar jinsi biyu, ɗayansu mai ƙamshin kafur ɗan asalin gabashin Afirka. Ba ta yin iri mai tsira, saboda haka duk inda ka gan ta, wani ne ya yanki reshe ya yi haƙurin renonsa.

Ka yanka da sassafe, da reza mai tsabta, kuma kada kwaɗayi ya sa ka zaɓi babban reshen da ya riga ya zama itace, ko wanda ya fara fure, don ƙarfinsa ya tafi wajen 'ya'ya. Ka nemi ɗanyen kan reshe mai tsawon santimita 10 zuwa 15, ka yanke shi daidai ƙarƙashin gaɓa, domin kamar yadda rake ke tsira daga idonsa, ita ma a gaɓar nan take saurin fitar da saiwa. Sannan ka tsige ganyen ƙasa, ka bar uku ko huɗu a sama. Na san zai yi maka zafi ka cire kyawawan ganye, amma reshen da bai da saiwa ba zai iya shayar da su duka ba, ganyen da ya nutse a ruwa kuma ruɓewa zai yi ya ɓata sauran.

Ka tsoma reshen a kwalba mai ruwa, ka ajiye inda haske ke kaiwa amma rana ba ta duka, ka riƙa canja ruwan duk bayan kwana biyu. Tsohon ruwa yana ruɓar da kara, kuma sauro na yin ƙwai a cikinsa, ga shi kuwa kana da yara a gida.

To, a nan ake gane halin mutum. Kwanakin farko ba za ka ga komai ba, wataƙila ma ganyen ya yi yaushi, zuciyarka ta ce maka ya mutu. Kada ka yar da shi, kada ka riƙa zaro shi kana lalube. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka ga fararen saiwoyi sirara kamar zare sun leƙo daga gaɓar, masu karyewa da taɓawa kaɗan. Ka bar su su kai santimita 3 zuwa 5 kafin ka dasa, don sauri kan haifi nawa.

Dashen ka yi shi da yamma, a ƙasa mai yashi da aka gauraya da ruɓaɓɓen taki, cikin tukunya ko tsohon bokiti da ka huda gindinsa, ka bar ta a inuwa 'yan kwanaki kafin ka fitar da ita rana. Farkon damina ya fi dacewa, iskar hunturu kuwa busar da ita take yi. Idan ta kama, kada ɗokin miya ya sa ka far wa ganyenta. Ka tsinke kan tohon kawai don ta yi rassa, ka cire fure in ya ɓullo, sannan ka kewaye ta da ƙaya ko waya, don akuya ba ta san wahalar da ka sha ba.