Ɗana, Duba Cibiyar Kwikwiyonka

Ɗana, in ka karɓi kwikwiyo, na farauta ne ko na gadi, kafin ka shiga yaba kunnuwansa da tsayin ƙafarsa, kwantar da shi rigingine ka shafa cikinsa. Idan ka ji ɗan ƙullutu mai laushi daidai cibiya, to yana da cibi. Kada ka firgita, kada kuma ka ce ai ba komai.

Tun yana cikin uwarsa, ta wata ƙaramar kafa a naman ciki igiyar cibiya ke kai masa abinci. Bayan haihuwa kafar takan rufe da kanta. A wasu sai ta ƙi rufewa, kitsen ciki ya leƙo ya tsaya ƙarƙashin fata, wani lokaci har da hanji. Mutane kan ɗora wa karya laifi, wai ta ja igiyar da ƙarfi wajen gatsa ta. Yana iya faruwa, amma galibi abin gado ne, kuma an fi ganinsa a wasu jinsuna irin su Basenji da Pekingese da Airedale.

Sa yatsa ka danna a hankali. In ƙullutun ya koma ciki, kwikwiyon bai yi kuka ba, ga shi yana ci yana wasa, akwai sauƙi. Kafar da ba ta kai santimita 1 ba tana iya rufewa kafin ya cika wata 3 zuwa 4. Wadda ta haura wata 6 a buɗe kuwa, da wuya ta rufe. Wadda na fi jiye maka tsoro ita ce matsakaiciya, wadda yatsa ke shiga: ta isa hanji ya kutsa, amma ta yi masa ƙunci wajen komawa. In ya maƙale, jini ya daina kai masa, sai wurin ya fara ruɓewa. Za ka ji cibiyar ta yi tauri da zafi, ta yi ja ko ta yi duhu, kwikwiyon ya ƙi yarda a taɓa, ya yi ta amai, ya ƙi abinci, ya lafe wuri guda. Ranar da ka ga haka, ko da dare ne, nemi likitan dabbobi. Kada ka bari sai gari ya waye.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Za ka sami masu ba ka shawara a majalisa. Wannan ya ce ɗora kwabo ka ɗaure da tsumma, wancan ya ce shaƙe ƙullutun da zare ko roba har ya faɗi, wani ya ce a yi masa lalas ko a kai wa wanzami ya tsaga. Ɗana, don Allah kada ka yi. Ramin yana can cikin nama, ɗaurin waje ba ya haɗe shi. Mai ɗaure zare kuwa bai san ko hanji ya shaƙe ba, mai tsagawa a zaton ƙurji ne yana iya farke cikin dabbar gaba ɗaya. Rai ne Allah ya ba ka amanarsa, ba shi da bakin da zai gaya maka inda ke masa ciwo.

Maganinsa ɗinki ne, kuma a hannun masana aiki ne mai sauƙi. Likita zai sa masa maganin barci, ya tsaga fata, ya mayar da abin da ya fito, ya ɗinke naman. Sau da yawa akan haɗa shi da fiɗiya ko cire mahaifa, don a yi wa dabbar barci sau ɗaya. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ga kuma na gwamnatin jiha. Lokacin da ka kai shi allurar haukan kare yana wata 3, nuna wa likita cibiyar, kuma in namiji ne a duba ko 'ya'yan marainansa biyu sun sauko, don matsalolin nan kan zo tare.

Bayan aiki, sauran wahalar taka ce. Kwana 10 zuwa 14 kafin a cire zare, ka ajiye shi wuri busasshe, ba tsalle, ba wanka, ba bin manya daji. Sa masa abin wuyan nan mai kama da mazurari don kada ya lashe ɗinkin ko ya cizge shi. Kullum ka duba wurin. In ka ga ruwa ko mugunya, koma wurin likita.

Sai batun kiwo. Karyar da ke da cibi, in ta ɗauki ciki nauyi na iya ƙara buɗa kafar, kuma tana iya gadar wa 'ya'yanta. Ɗinki yana rufe ramin, amma gadon yana nan, don haka kada ka riƙe ta don iri komai iya kamunta. In kuma za ka sayar da kwikwiyon, ɗaga shi ka nuna wa mai saye cibiyar kafin ku yi ciniki.