Daji Ba Ya Son Ƙarfe

A Dusuman, can kan hanyar Dikwa, akwai wata mai tuyar ƙosai da kowa ke kira Goggo. Wata rana tana wanka ta ji ƙullutu a nononta na hagu, ba ya zafi. Maƙwabciyarta ta ce, "Daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe. Kika bari aka sa masa wuƙa, watsuwa zai yi." Goggo ta koma wa shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Ambaliyar Alau ta Satumbar 2024 ta zo, kowa na ta kansa, zancen ƙullutu ya kwanta. Wannan magana ta ƙarfe ta ci mata da yawa, Allah Ya sani.

Sai da rama ta kama ta, gefen cikinta na dama ya yi nauyi, sannan ɗanta ya kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Aka ɗebi tsoka aka gwada, aka yi hoton ciki. Ciwon ya kai hanta, ya bazu a ɓangarorinta biyu.

"Likita, a yanke," in ji ɗan. "Na ji hanta tana tofowa. Gonata zan sayar."

"Tana tofowa, Malam, har fiye da rabinta ana iya cirewa. Sai dai wannan ciwon nono ne da ya bi jini, ƙwayoyinsa na yawo inda wuƙa ba ta gani. Waɗanda ake yi wa aikin hanta kaɗan ne: mai tabo ɗaya ko biyu, wadda bai kai mata ƙashi ko huhu ba, kuma ya fara jin magani. Gwaji ya nuna na Mama irin wanda sinadarin jikin mata ke ciyarwa ne, akwai magungunan da ke danne shi, a rage mata ciwo, ta ƙara samun lokaci. Bar gonarka."

Goggo ta ɗago. "'Yar nan, da na zo tun yana ƙarami, da wuƙar ta yi amfani?"

"Da ta yi, Mama, ƙwarai."

Daren nan Goggo ta tara 'ya'yanta mata, ta kama hannun kowace ta ɗora a kan ƙullutun. Ta tsakiyar ta sunkuyar da kai. "Inna, ni ma tun ƙaramar salla nake jin wani abu."

"Kin gaya wa mijinki?"

"Kunya nake ji."

"Ni zan gaya masa. Gobe da asuba ki shirya, tare za mu karɓi kati."