Zane Mai Inuwa: Ina Matsayinsa a Shari'a?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, daga ranar 30 ga Oktoba 2015 zuwa farkon Fabrairu 2016, gidan adana zane-zane na Whitney da ke birnin Niyu Yok a Amurka ya baje kolin ayyukan mutum guda, watau Frank Stella, wanda aka haifa a 1936, ya mutu a 2024. Wanda ya bi tarihin ayyukansa daga farko zai ci karo da waɗanda ya yi wajen 1959: yadi shimfiɗaɗɗe, an shafe shi da baƙin fenti irin na gida, an bar sirara-siraran layuka a tsakani. Yana matsawa gaba sai ya ga zanen ya fara kumbura. A farkon shekarun 1970 Stella ya shiga liƙa katako da kwali a kan zanensa, sa'an nan ya koma yanka alminiyam yana lanƙwasa shi yana shafa masa launi, har zane ya taso daga bango ya miƙo cikin ɗaki, ya sami kauri, ya sami inuwa.

Kalmar nan inuwa ita ce za ta tsai da duk almajirin da ya karanta fikihun Malikiyya. Domin kuwa malaman mazhabar, kamar Shehu Ahmad Dardiri na Masar a sharhinsa ga Muhtasar na Shehu Halilu, sun yi maganar sura a babin walima, inda suka lissafa abubuwan da ke sauke wa mutum wajabcin amsa gayyata. Abin da suka tabbatar shi ne, surar da take haramun ita ce wadda ta tara sharuɗɗa: ta kasance ta abu mai rai, mutum ko dabba, ta kasance cikakkiya, ba ta rasa wata gaɓa da rai ba ya tsayuwa sai da ita ba, kuma ta kasance mai inuwa, watau mai jiki. Wadda ba ta da inuwa, kamar ta kan takarda ko bango, makaruhi ce a wurinsu. Wasu malamai, irin su Imamu Nawawi na Shafi'iyya, sun tsananta, suka ce surar mai rai haramun ce, da inuwa ko babu.

To, ga tambaya. Mai zanen da ya fitar da aikinsa daga bango, ya tsallaka ke nan daga halal zuwa haram? Mai gaggawa zai ce ƙwarai, tun da ga inuwa a ƙasa. Amma fa inuwa sharaɗi guda ce cikin uku. Tulu yana da inuwa, turmi yana da inuwa, mumbarin masallaci ma haka, babu kuwa malamin da ya hana sassaƙa su. An ruwaito cewa wani mai yin surori ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, yana cewa wannan sana'a ita ce hanyar abincinsa. Ɗan Abbas ya gargaɗe shi game da surar mai rai, sa'an nan ya nuna masa itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Ashe ƙofar a buɗe take, kuma da faɗi.

Musulmi sun daɗe suna shiga wannan ƙofa. Magina a fadar Alhamra ta Garnaɗa a Andalus, a ƙarni na 14, sun cika rufin ɗakuna da ado mai tudu da kwari kamar saƙar zuma. Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya fitar da zane mai kauri a jikin ginshiƙai da ƙasa tsantsa, kuma magina Hausawa sun ci gaba da tayar da dagi a fuskar zaure suna shafa masa launi. Shi kansa Stella ya ziyarci Iran a 1963, daga 1967 kuma ya yi jerin zane na da'ira da rabin da'ira, ya raɗa musu sunayen tsoffin birane irin su Harran.

Akwai wani abin lura mai zurfi a nan. Mai zanen da ya zana fuskar mutum a shimfiɗaɗɗen yadi yakan yi dabarar haske da duhu har ido ya ɗauka akwai tudun hanci da zurfin ido, alhali hannu in ya shafa ba zai ji komai ba. Wannan kwaikwayon halitta ne, da ruɗin ido a kai. Aikin Stella kuwa zurfinsa na gaske ne, ƙarfensa ƙarfe ne, fentinsa fenti, ba ya da'awar cewa shi wani ne. Saboda haka mai yiwuwa ne zane marar inuwa ya fi kusa da abin da ake tsoro a kan zane mai inuwa. Hukunci yana bin abin da aka siffanta.

Duk da haka, kada mai karatu ya ɗauka magana ta ƙare. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa 1997 Stella ya yi wani dogon jeri da ya ba sunayen babobin littafin Moby-Dick na Herman Melville, labarin farautar wata ƙatuwar dabbar teku. A cikinsu akwai lanƙwasa mai kama da igiyar ruwa, da wadda ido zai iya cewa jikin dabbar ce. Sunan da aka raɗa bai isa ya mayar da lanƙwasasshen ƙarfe dabba ba. Amma wanda ya ƙera cikakkiyar siffar mutum ya ce ai gwaji ne na zamani, shi ma suna ba zai kuɓutar da shi ba. Kowane aiki sai an dube shi a kan kansa.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Dalilin hanin tun asali tsare tauhidi ne. Ɗan Abbas ya bayyana cewa Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, gumakan mutanen Annabi Nuhu, sunayen mutanen kirki ne da aka kafa wa alamu don tunawa. Da ilimi ya gushe sai aka bauta musu. Girmamawa ce ta wuce iyaka. A 2019 an sayar da ɗaya daga baƙaƙen zanen Stella a kan dala miliyan 28 a kasuwar gwanjo ta Christie's. Yadi ne da fentin gida, babu surar kowa a kai, babu inuwa. Lalle wanda ya biya wannan kuɗi suna ya saya. Zuciya takan rusuna wa suna da dukiya ko da ido bai ga gunki ba, kuma wannan ciwo sharuɗɗan nan uku ba sa gano shi.

Maganar tana da amfani ga gidaje da yawa. Akwai samari da 'yan mata Musulmi masu baiwar hannu da ke son karatun zane a wurare irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, iyaye kuwa suna ɗari-ɗari. Uban da ya hana ɗansa don ya ji an ce zane, ya haramta abin da ba a haramta ba, ya kuma binne baiwa. Ɗan da ya shiga ba tare da sanin iyakoki ba, shi ma ya yi ganganci, domin wajibi ne mutum ya san hukuncin Allah a kan aiki kafin ya sa hannu. Abin da ya kamace su duka biyu shi ne su ɗauki aikin, su kai gaban malami masani, su tambaya: mene ne aka siffanta, kuma don me?

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya sa a dace, amin.